Masu Filashin na Ketu da Agege

A kasuwar Mile 12, inda tireloli ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Arewa tun kafin kiran assalatu, yanzu da wuya ka ga dillalin da ba shi da na'urar POS, ko a hannunsa ko a aljihun yaronsa. Masu riƙe da ita ba su ɗauke ta kwamfuta ba. A wurinsu abar cirar kuɗi ce mai tofo rasit. Amma in aka kwance ta, cikinta bai bambanta da na waya ba: ɗan fanel ɗauke da firosesa da memori da ma'adana, an haɗa shi da sikirin mai jin yatsa, sannan can ciki akwai babbar manhaja, galibi Android, wadda in babu ita na'urar ba za ta yi komai ba. Zuba wannan manhaja da daidaita ta da jikin na'ura shi ne sana'armu. A bakin kasuwa masu filashin ake ce mana, ko masu sofwaya, don a raba mu da masu hadwaya, 'yan narka dalma da canjin sikirin. POS ɗin nan kuwa, duk yawanta a Ketu, ita ce wadda aka hana mu taɓawa. Yadda aka yi muka iso nan labari ne na shekara ashirin da 'yan kai.

Sana'ar ba ta girmi GSM ba. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin waya a zamanin Obasanjo, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya haura naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi a layi ba kasafai yake da ragowar sayen sabuwar waya ba, don haka kasuwa ta karkata ga tokumbo, wayoyin da Turawa suka gama yayinsu. Aibinsu ɗaya ne: da yawa a kulle suke da layin kamfanin da ya sayar da su can, Vodafone ko Orange ko T-Mobile, ka sa musu layin Najeriya su ƙi. Buɗe wannan kulle shi ne aikin farko da ya ciyar da masu sofwaya, kuma cibiyarsa titin Otigba a Ikeja, unguwar gidajen kwana da masu sayar da kwamfuta suka fara mamayewa tun shekarun 1990, wadda yanzu kowa ya sani da Computer Village.

A faɗi gaskiya, ba mu muka fara ba. Ibo da Yarbawa sun riga mu kafa tebur a Otigba. Hausawan Agege tsohon zama ne, tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasan da ya haɗa Legas da Kano, kuma sana'o'insu sanannu ne: goro, hatsi, canji, shanu a mayankar Oko-Oba. Samarinmu ta ƙofar baya suka shigo harkar waya. Wani ya fara da cajin waya a rumfa da ɗan janareta, daga nan ya sayi tsohuwar kwamfuta yana tura wa mutane karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin fina-finan Hausa a memori. Wanda ya saba da kebul, wata rana sai an kawo masa wayar da ta tsaya a kan tambarin Nokia ta ƙi wucewa, a ce, "Malam, ko za ka duba min?" Ba zai ce bai iya ba. Sai ya hau motar Ikeja ya kai wa wani oga, ya tsaya a bayansa yana satar kallo, oga yana juya masa kwamfutar gefe. Haka akasarinmu muka koya. Ketu daga baya ta samu nata masu filashin, saboda 'yan gwari da 'yan dako da direbobin Mile 12 sun gaji da bin hanyar Ojota zuwa Ikeja kan aikin da bai wuce rabin awa ba, kuma sun fi son wanda za su yi wa bayani da harshensu.

Zamanin Nokia zamanin akwati ne. Akwati a nan wata 'yar na'ura ce da ke shiga tsakanin kwamfuta da waya, kuma darajar mutum a layi tana tafiya da yawan akwatunansa: UFS na SarasSoft, JAF, daga baya Cyclone da ATF. Kowace waya da nata kebul, domin ba ta wurin caji ake shiga ba, ta wasu 'yan ɗigo na tagulla ne da ke ƙarƙashin batir. Za ka ga bango guda an rataye kebul kamar ɗari, kowanne da lambarsa a rubuce da biro. Manhajar Nokia kashi uku take zuwa: MCU, wato ainihin manhajar, PPM, inda harsuna suke, da CNT, mai ɗauke da hotuna da sautuka. PPM ɗin nan ya samar mana kwastomomi na musamman. Wayar da ta zo daga Jamus ba ta san Larabci ba, malami kuwa yana son ya karanta saƙon da ɗalibinsa ya aiko daga Makka ko Sudan, sai mu canza mata fayil ɗin harshe da na Gabas ta Tsakiya. Da Nokia ta fito da tsarin BB5 wajen 2005, kulle ya yi tsauri, har aka kai matakin da sai an bar kwamfuta mai ƙarfin katin hoto tana gwada lambobi kwana da kwanaki kafin a samu na buɗewa. Tun a nan aka fara jin ƙanshin abin da ke tafe, sai dai ba wanda ya kula, kuɗi na shigowa.

Dukiyar mai filashin a wancan lokaci ba akwati ba ce, fayil ne. Intanet a kafe take, tana rarrafe, sauke fayil guda yakan cinye dare. Wanda ke da hadis cike da manhajoji shi ne sarki, kuma ba ya bayarwa kyauta. Hadis ɗin kan bi motar dare daga Legas zuwa Kano, a kwafe shi a Farm Centre ko Beirut Road, ya dawo da wasu fayilolin da 'yan Kano suka samo ta hanyar Dubai. Sai a 2010, da igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, intanet ta fara sauƙi, darajar hadis ta fara faɗuwa.

Sikirin mai jin taɓi ya fara zuwa hannun talaka ne ta wayoyin Caina, masu layi biyu da lasifika mai tada unguwa da eriyar talabijin da ɗan tsinken roba a gefe. Kusan dukkansu firosesar MediaTek ko Spreadtrum ce a ciki, sunan da ke bisa kwali kuwa ba ya nufin komai. Ba kamfanin da za ka nema, ba fayil na hukuma. Dabarar ita ce ka samu mai lafiya irinta, ka karance duk abin da ke ma'adanarta, ka zuba wa matacciyar. Tac ɗinsu na matsi ne: leda biyu masu ɗaukar wuta, ɗaya bisa ɗaya da ɗan tazara, in ka danna suka haɗu sai na'ura ta auna ƙarfin wutar a tsaye da a kwance. Abin da take samu lambobi ne tsurarsu, ba ta san wace lamba ce ta yi daidai da wane wuri a sikirin ba sai an koya mata. Shi ya sa bayan kowane filashin sai ɗan gicciye ya fito a kusurwa, ka danna da tsinke, ya koma wata kusurwar, ka bi shi, har ya ƙare a tsakiya. In ka yi gaggawa ko hannunka ya karkace, mai waya zai danna 5 ta rubuta 8. Yaran yanzu ba su taɓa ganin wannan gicciye ba, amma yana nan a injinan masana'anta da na asibiti, kuma zan dawo kansa.

BlackBerry ta zo ta wuce kamar iska. Aikinta mai sauƙi ne: in ta nuna lamba 507, manhajarta ta goge, sai ka ɗora wata ta kwamfuta, bayan ka share wani ɗan fayil mai suna vendor.xml don ta karɓi manhajar kowane kamfani. Mun ci kuɗinta 'yan shekaru. Ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimarta gaba ɗaya, lokacin an daɗe da mantawa da ita a Ketu.

Android ce ta mai da mu masu ilimi, domin ita ce ta tilasta mana sanin abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da fitowar hoto. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya cika kasuwa da wayoyin MediaTek masu araha, kuma MediaTek a lokacin ƙofa a buɗe ta bari. Da manhajar SP Flash Tool da kebul na caji kawai kana iya rubuta duk abin da kake so a kowane lungu na ma'adana. Fayil ɗin da ake kira sikata shi ne taswira, yana faɗin inda kowane kashi ya fara da inda ya ƙare. Tashin na'ura kuwa hawa-hawa ne. Akwai 'yar manhaja da aka ƙone a cikin firosesa tun daga masana'anta, ba ta goguwa. Ita ke tada firiloda, shi kuma ya farkar da memori. Sannan wani mataki ya kunna sikirin ya nuna tambari. Sannan ƙwayar Linux ta tashi ta ɗauko direbobi, wato ƙananan manhajojin da suka san yadda ake magana da kowane sashe. Can ƙarshe Android ta bayyana. Wanda ya san wannan jeri, da ganin inda waya ta tsaya ya san inda ciwon yake. Wadda ko motsi ba ta yi, amma kwamfuta tana jin shigarta na daƙiƙa biyu, firiloda ne. Wadda ta nuna tambari ta yi ta zagaye a kansa, ciwon yana can sama.

Abubuwa biyu suka fi kunyata masu filashin a wannan zamani. Na ɗaya farin sikirin. Waya biyu suna ɗaya, lamba ɗaya, amma kamfani ya canza mai kawo masa gilashi a tsakiyar shekara, direban da ke cikin fayil ɗinka bai san sabon ba. Ka gama aiki, waya ta tashi, tana ƙara, ana iya kiranta, amma fuskarta fari fat. Na biyu gogewar lambar IMEI. SP Flash Tool tana da wani zaɓi da ke share ma'adana kakaf kafin ya rubuta, kuma cikin abin da yake sharewa har da ɗan lungun NVRAM, inda lambar wayar da saitin rediyonta suke, abubuwan da babu su a kowane fayil na duniya domin nata ne ita kaɗai. Waya za ta tashi garau amma ba za ta ga sabis ba. Daga nan ƙa'idar sana'ar ta fito, wadda kowane oga na kirki ke fara koya wa yaronsa kafin ya bar shi ya taɓa linzamin kwamfuta: karanta kafin ka rubuta. Duk lalacewar na'ura, kwafe abin da ke cikinta tukuna.

Inda aka fi shan wuya shi ne tablet marasa suna, masu inci bakwai, da suka cika Alaba da Ikeja tun wajen 2012, waɗanda iyaye ke saya wa yara, wasu Islamiyyu kuma suka riƙa zuba musu karatu. Firosesarsu Allwinner ce ko Rockchip. Zuba musu manhaja ba wuya, PhoenixSuit na yi wa masu Allwinner cikin minti biyar. Wuyar tana ga tac. Irin nasu ba na matsi ba ne, na zamani ne irin wanda iPhone ta yaɗa tun 2007: ragar layuka marasa ganuwa a jikin gilashi, da wata 'yar aisi da ke lura da yadda yatsa ke canza cajin da ke tsakaninsu. Aisin Silead, musamman GSL1680, ba ta riƙe nata saiti. Duk lokacin da na'ura ta tashi sai direba ya zuba mata, kuma saitin ya danganta da girman gilashin da yawan layukansa. Wato manhajar da ta dace da firosesa ɗari bisa ɗari tana iya barinka da tac matacce, ko wanda ka taɓa dama ya amsa a hagu, ko sama ta koma ƙasa. Dole ka ɓalle murfin baya, ka karanta lambar da ke rubuce a jikin fanel, ka karanta ta aisin tac da ta wayafai, sannan ka shiga farauta. In ba a samu daidai ba, sai a yi ɗinki: a ɗauko direban tac daga wannan fayil, a dasa a wancan, a buɗe script.bin, inda Allwinner ke rubuta wace ƙafar firosesa ke haɗe da me, a gyara layi biyu ko uku. Mai tablet ɗin yana ganin naira dubu ɗaya ta yi yawa a kan abin wasan yara, alhali ka kwana a kai. Amma waɗanda suka jure wannan wahala su ne yau ke iya zama gaban injin miliyoyin naira ba tare da hannunsu ya yi rawa ba.

Ƙofa ta fara rufuwa a 2013, da Apple ta ɗaure kowace iPhone da asusun mai ita. Google ta bi sahu a 2015 da Android 5.1: ko an goge waya, sai an sa imel ɗin da ke kanta a da. Daga Android 7 kuma tantance manhaja lokacin tashi ya zama dole. Kowane mataki a jerin nan da na zayyana ba ya miƙa ragama ga na gaba sai ya ga sa hannun kamfani a jikinsa, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san daga bakin wa ta fito. Fayil ɗin da ka ɗinka da hannunka, komai kyansa, ba shi da isnadi.

Ba zan ce babu dalili ba. Satar waya a tashar Ketu da gadar Oshodi ba labari ba ne, kuma kowa ya san wayar sata ba ta da kasuwa sai ta bi ta teburin wani daga cikinmu. Akwai waɗanda suka mai da wannan abincinsu, su ne suka jawo 'yan sanda ke kallon duk mai kwamfuta da kebul a matsayin abokin ɓarawo. Masu mutunci sun daɗe da kafa sharaɗin kwali ko rasit, ko a zo da wanda aka sani ya tsaya wa mutum. Sai dai wanda ya tsara kullen ya ɗauka kowane mai waya ya san imel ɗinsa. A Mile 12 ba haka abin yake ba.

"Alhaji, ka tuna imel ɗin da ke kan wayar?"

"Wane imel kuma, ɗana? Yaron da ya sayar min ne ya yi danne-dannensa ya miƙo min."

Wannan mutum da kuɗinsa ya saya, lambobin abokan cinikinsa na Ɗanja da Kadawa duk suna ciki, amma a idon manhajar shi da ɓarawo ɗaya ne. Haka matar da ta kawo wayar mijinta da ya rasu. Kullen bai hana buɗewa ba, ya dai canza wanda ke karɓar kuɗin. Yanzu akasarin aikin sai da kiredit: ka biya dala ga wasu masu saba, wato kwamfutocin intanet, da ba ka taɓa gani ba, a wata ƙasa, su ba kwamfutarka izini na 'yan daƙiƙu. A farkon 2021 an bankaɗo wata ɓaraka a cikin manhajar nan da aka ƙone a firosesar MediaTek, muka ɗan sha iska, sababbin firosesa suka zo a toshe. Wayoyin bashi irin na Easybuy da M-KOPA, da ke kulle kansu in an yi jinkirin biya, su kam ba na karɓarsu ko an roƙe ni. Cin amana ne, kuma ba ya ƙarewa da daɗi.

POS ita ce ƙarshen wannan hanya, kuma a kanta ina bayan masu kulle. Babban Bankin Najeriya ya fara gwajin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a Janairun 2012, lokacin na'urorin masu maɓalli ne, Verifone da Ingenico da PAX, a manyan kantuna kawai. Daga 2018 zuwa 2019 OPay da Moniepoint da PalmPay suka watsa su a kowane lungu, daga baya masu Android da sikirin suka yi yawa. Abin da ya kai ta hannun ɗan gwari shi ne canjin kuɗi. Gwamnan Babban Bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022, zuwa Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta ɓace, tumatir kuwa ba ya jiran banki. Dillalin da ya rantse ba zai taɓa karɓar tiransifa ba, a makon nan ya nemi na'ura. Suka riƙa kawo mana su: ta tsaya a tambari, ta faɗa ruwa, tac ya daina ji. Abin da muke iya yi kaɗan ne. A cikin POS akwai sashe na daban mai riƙe makullan sirri da ake ɓoye lambar katin mutum da su, kewaye da na'urorin tsaro masu ɗan batirinsu. Ka kwance murfi, ko batirin nan ya mutu, ta share makullan da kanta ta rufe, sai kamfanin da ke da lasisi ya sake zuba mata. Manhajarta ma daga nesa ake sabunta ta, cikin dare, mai ita bai sani ba. A 2025 Babban Bankin ya ƙara da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Duk mai filashin da ya ce maka zai juya POS ɗin wani kamfani ta koma ta wani, ko dai maƙaryaci ne ko kuma wanda bai kamata ka miƙa wa katinka ba.

Sau ɗaya aikinmu ya zama babban labarin ƙasa, kodayake ba wanda ya kira shi da sunanmu. Tun a zaɓen 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega a hukumar zaɓe, na'urar tantance kati ta ƙi karanta Shugaba Jonathan a Otuoke, kuma cikin dalilan da hukumar zaɓe ta bayar na matsalolin ranar har da ma'aikatan da ba su ɓare ledar da ke rufe da idon na'urar ba. BVAS da ta gaje ta tablet ce mai Android da wurin ɗora yatsa da kyamara, kowace an saita ta da rajistar rumfa guda. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, hukumar ta ce sai ta sake saita na'urori sama da 176,000 kafin zaɓen gwamnoni, 'yan adawa suka ce saitin zai goge hujjarsu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba da izini ranar 8 ga Maris, lokaci ya ƙure, aka ɗage zaɓe daga 11 zuwa 18 ga wata. Manyan lauyoyi suna ta muhawara a talabijin, mu kuwa a rumfa mun gane zancen tun daga jimlar farko: shin an kwafe kafin a rubuta, kuma wa ke riƙe da kwafin?

To ina aikin ya koma? Ya koma inda kamfanoni ba su damu su kulle ba, ko inda suka mutu suka bar na'urorinsu marayu. Legas cike take da injinan tokumbo masu ɗan sikirin a gaba: na ɗab'i a Shomolu, na awon jini da hoton ciki a ƙananan asibitoci, na ɗura ruwan leda, rediyon mota mai Android a Ladipo, manyan inbata na sola. A bayan kowane sikirin akwai ƙaramar kwamfuta, sau da yawa ɗan fanel ne da bai kai tafin hannu ba, an soke shi a jikin babban fanel. Tsofaffin Windows CE ke ciki, wadda Microsoft ta daina kula da zubinta na ƙarshe a Oktoban 2023, kuma manhajar tana zaune a kan katin CompactFlash da ya shekara goma sha biyar yana aiki. A nan gicciyen saitin tac ya dawo. Sababbin kuwa Linux ne, a kan fanel na kamfanoni irin su Toradex, ko Compute Module na Raspberry Pi, wanda aka fara fitarwa a 2014.

Ɗora manhaja a kan irin waɗannan ya fi na waya tsabta, domin ba a ɓoye komai ba. A Compute Module 4, alal misali, ka haɗa ƙafafu biyu da ɗan jamfa don ka hana shi tashi daga ma'adanarsa, ka sa kebul, ka kunna rpiboot, sai ma'adanar ta bayyana a kwamfuta a matsayin filas, ka rubuta mata hoton manhaja. Wannan rabin sa'a ne. Sauran kwanakin na saiti ne. Linux ba ta laluben abin da ke haɗe da ita a irin wannan fanel; sai an rubuta mata a wani fayil da ke lissafa kowane sashe da ƙafar da yake kai, ɗan'uwan script.bin ɗin nan na tablet. A ciki za ka gaya mata faɗi da tsawon sikirin, da saurin bugunsa, da wace aisi ke kula da tac. Goodix GT911, wadda ta fi yawa, tana iya amsawa a ɗaya daga adireshi biyu, gwargwadon yadda aka riƙe wata ƙafarta lokacin tashi. Ka rubuta ɗaya alhali tana ɗayan, shiru za ka ji. In an kafa sikirin a tsaye maimakon a kwance, juya hoto daban, juya tac daban. Kuma duk wannan ana yin sa ne sikirin yana baƙi, don haka abokin aikinka waya uku ne da ka soka a jikin fanel, mai aikawa da mai karɓa da ta ƙasa, a gudun 115200, inda na'ura ke zayyano duk abin da take yi layi-layi tun daga numfashin farko.

Akwai kuma abin da littafin kamfani ba zai gaya maka ba, domin wanda ya rubuta shi bai zauna da NEPA ba. Injin da aka ƙera a Jamus ya ɗauka za a kashe shi ta maɓalli. A nan ana ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, a tada janareta, a sake ɗaukewa, rana ɗaya ma'adana ta rikice. Don haka duk abin da muka ɗora, mukan kulle sashen manhajar ya zama na karatu kawai, a ware wani ɗan sashe na abin da dole a rubuta. Zafi da laimar Legas na sa tac ya riƙa danna kansa, caja mara kyau ma haka. In kuma za a nuna Hausa a fuskar, sai an duba ko salon rubutun da ke ciki yana da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba 'yan akwatuna za su fito a madadinsu. Ƙananan firintocin rasit kam yawancinsu ba su san da waɗannan haruffa ba, sai dai a aika musu rubutun a matsayin hoto.

Masu wannan aiki a tsakaninmu ba su da yawa. Yaran da ke shigowa yanzu sun tarar da manhajar da ke da maɓalli guda, a danna, kiredit ya fita, waya ta buɗe, kuma ana samun na abinci a haka, don haka ba sa ganin dalilin koyon karanta waɗancan layuka masu gudu da Turanci. Ga maganar tayar da Computer Village zuwa Katangowa da aka shekara da shekaru ana yi, wadda in ta tabbata 'yan Agege za ta yi wa kusa, mu na Ketu ta yi mana nisa. Masu injin su ma sai a hankali. In na je duba wani abu a gidan ɗab'i na ga tsohon kati a bayan sikirin, nakan ce, "Oga, bari in kwafe wannan yanzu da yake da lafiya, aikin awa ɗaya ne." Amsar kusan kullum ɗaya ce: inji yana aiki, ga odar kalanda ta taru, kada a taɓa. Ranar da katin ya mutu, kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa ko an sayar da shi, sai a shiga cigiyar wani mai irinsa a Mushin ko Onitsha ko Kano da zai yarda a zare nasa katin a kwafa, shi kuma ya san ba ka da wata hanya, don haka shi ke yanka farashi.